Fenti Ba Ya Rufa wa Katako Asiri

Jitar lantarki da ke rataye a bangon ɗakina sau uku aka yi mata fenti, kuma biyu daga cikin ukun da hannuna na kankare su, ina kankarewa ina jin haushin kaina. Sassaƙa gangar jikinta da daidaita wuyanta mako shida suka ɗauke ni, amma fenti da guga sai da suka cinye mini kusan wata biyar, alhali da na bi abin a sannu tun farko, da rabin wannan lokaci ya wadatar. Ƙannena masu sha'awar haɗa jita da hannunsu nake so su karanta wannan, domin kayan aiki ba su taɓa gagara ta ba. Gaggawa da kunyar tambaya su ne suka jawo mini asarar kuɗi da ta lokaci.

Katakon afara na saya a kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa a Kano, na jingine shi a inuwa ya ƙara bushewa kafin na sa masa zarto. Afara ba abin rainawa ba ne a sana'ar jita, domin shi ne katakon da Amurkawa suke kira korina, kuma da shi kamfanin Gibson ya yi jitocinsa samfurin Flying V da Explorer a 1958. Sai dai shi da maɗaci suna da hali ɗaya da ban lura da shi ba a lokacin: fuskarsu cike take da ƙananan ramuka kamar hudar allura, waɗanda ido ba ya kamawa sosai sai an shafa abu mai ƙyalli a kai. Na goge katakon da sanfefa mai lamba 120 kawai, wato mai kaushi, domin yadda lamba take ƙaruwa haka sanfefa take ƙara laushi, wani wurin ma a gicciye na goga maimakon in bi tsawon jijiyar itacen, sannan na ce wa kaina duk abin da ya rage fenti zai cike shi.

Fentin da na fara amfani da shi na mai ne, irin wanda ake shafa wa ƙofofi da tagogi, ja wur, kuma da burushi na shafa. Da ya kwana huɗu ya daina kama yatsa, sai na sayo gwangwanin feshi na ƙyalli marar launi, dangin fentin da ake kira nitrosalulos, na fesa a kansa da niyyar in ga fuskata a jikin jitar. Ko minti goma ba a yi ba fentin ya fara tattarewa yana yamutsewa kamar yanar kunun da ya kwana. Dalilin, wanda sai daga baya aka fahimtar da ni, shi ne tinar da ke cikin fentin nitrosalulos, wato ruwan da ake sirka fenti da shi, tana da ƙarfin da take jiƙa fentin mai na ƙasa ta kumbura shi, shi kuwa ba ya narkewa ya haɗu da na sama, sai dai ya ɗago ya tattare. A wuraren da bai yamutse ba kuma, kowane layin sanfefa da kowane rami sai ya fito fili fiye da yadda yake kafin a yi fenti.

Kuskuren da ya fi wannan girma shi ne abin da na yi bayan haka. Akwai wani shago a Sabon Gari na mai gyaran lasifika da kayan kiɗa, inda mu biyar ko shida muke haɗuwa duk yammacin Asabar. Cikinmu akwai kafinta, akwai mai kaɗa jita a coci, akwai wani dattijo da ya shekara fiye da talatin yana fentin mota. Sun san ina haɗa jita, kullum suna tambaya, ni kuwa kullum amsata ita ce saura kaɗan. Mako uku na yi ina ɓoye ta a ƙarƙashin gado ina ƙoƙarin gyara ɓarnar ni kaɗai, ina ƙara shafi a kan shafi, saboda ina so ranar da za su gan ta su gan ta a gama, su yaba. Ranar da na gaji na kai ta a cikin buhu, dattijon bai yi dariya ba. Ya rufe ido, ya bi jikinta da tafin hannunsa tun daga sama har ƙasa, sannan ya ce, “Ɗana, me ya hana ka kawo ta tun tana tsirara?” Na ce, “Baba, na ɗauka fenti zai rufe.” Ya ce, “Fenti ba ya rufa wa kowa asiri, tonawa yake yi. Je ka kankare.”

Saboda haka shawarata ta farko ita ce ku nuna aikinku ga waɗanda suka riga ku tun yana da muni, lokacin da gyara bai wuce na sanfefa ba. Abin da dattijon ya koya mini a yammaci ɗaya ya fi abin da na tsinta ni kaɗai a wata guda. Ana fara guga da lamba 120, a koma 180, a ƙare da 220, ba a tsallake ko ɗaya, kuma kullum ana bin tsawon jijiyar katako, da sanfefar a naɗe a jikin guntun katako mai lebur domin yatsu kada su haƙa kwari. Kafin kowace lamba a zana layukan fensir a duk fuskar, idan layukan suka ɓace gaba ɗaya an san guga ta kai ko'ina. Bayan 220 a shafa tsumma mai ɗan danshi, gashin katakon zai miƙe, idan ya bushe a sake bi da sauƙi a kwantar da shi. Da dare kuma a kashe fitila, a kwantar da tocila a gefen katakon yadda haskenta zai bi fuskar a kwance; duk wani layi ko kwari zai yi inuwa. Daga nan ne ake cusa ƙullun cike ramuka, a goge, a fesa silar da kafintoci suke toshe katako da ita, sannan fentin shimfiɗa, wato toka-tokan nan da ake fara fesa wa mota kafin launi. A kan shimfiɗar dattijon yakan watsa baƙin fenti kaɗan kamar yayyafi, ya sa ni in goge da lamba 400. Inda baƙin ya maƙale ya ƙi fita, nan ne kwari yake.

Ya kuma gargaɗe ni da in tsaya a gida ɗaya tun daga sila har ƙyallin ƙarshe, kada in haɗa dangin fenti biyu, ya ba ni ragowar wani shuɗin fentin mota na nitrosalulos da yake da shi. Da farko na ga kamar ƙasƙanci ne a yi wa jita fentin mota, sai daga baya na gane cewa haka manya suka yi: kamfanin Fender a shekarun 1950 da 1960 da fentin motoci na DuPont yake yi wa jitocinsa launi, kuma shuɗin nan nasu da ake kira Lake Placid Blue asalinsa launin motar Cadillac ne.

Karo na biyu a watan Agusta na yi feshi, da injin da dattijon ya ara mini, da sassafe bayan an kwana ana ruwa, domin na ga gari ya yi sanyi babu ƙura. Shuɗin ya kwanta lafiya, amma kafin ya bushe sai wani fari-fari kamar hazo ya lulluɓe shi. Tina tana tashi da sauri, tashinta yana sanyaya fuskar fentin, sai danshin da ke cikin iska ya taru a wurin kamar yadda yake taruwa a jikin kwalbar ruwan sanyi, fentin kuma ya bushe da shi a ciki. Wannan yana da magani mai sauƙi, wato a jira rana ta buɗe a fesa shafi mai laushi da tina mai jinkirin bushewa, wadda za ta sake narka saman ta ba danshin hanyar fita. Ni ban tambaya ba, na ƙara shafi mai kauri nan take da zaton zai danne hazon, sai fentin ya riƙa gangarowa yana hawaye a gefuna. Haka na sake komawa kan sanfefa. A ƙasarmu kowane lokaci da fitinarsa: damina da danshi, hunturu da ƙura, bazara kuwa zafi yakan busar da fentin tun yana iska, ya sauka a katako da kaushi kamar yashi. Na fi samun sauƙi bayan ɗaukewar ruwa kafin ƙurar hunturu ta yi ƙarfi, kuma ko a lokacin sai na yayyafa wa daɓen wurin ruwa domin ƙura ta kwanta.

A wannan karo ne kuma na yi wautar da har yau idan na tuna nake jin tsoro. Domin gudun ƙura, a cikin ɗaki na yi feshin, ƙofa da taga a rufe, na ɗaure hanci da hankici, ga janareta yana aiki a bakin ƙofa. Na fito da jiri da ciwon kai wanda ya kwana biyu bai sake ni ba. Hankici ko takunkumin asibiti ba sa tare tururin tina ko kaɗan. Abin da ake bukata shi ne takunkumi mai matatar gawayi, da wuri mai iska. Tururin nan kuma yana kama wuta da tartsatsi ɗaya, na sigari ne ko na makunnin lantarki ko na kurfoti. Fentin mota mai haɗi biyu, wanda ake zuba wa sinadarin taurarawa, ya fi wannan haɗari ga huhu, domin sinadarin da ke cikinsa yana haddasa ciwon asma wanda ba lalle ya rabu da mutum ba. Wanda yake son irinsa ya kai wa masu sana'ar da suke da kayan kariya su fesa masa.

Karo na uku a gaban mutanen shagon aka tsara shi. Kafintan ya sa na huda duk ramukan kusoshi tun kafin fenti, na wurin soka wayar lasifika da na wuya da na maɗaurin igiyar da ake rataya jita da ita a kafaɗa, yana cewa tun ran gini ran zane, domin huda busasshen fenti yana sa ya ɓare. Ya manne tef a gurbin da wuya yake zama, saboda kaurin fenti a wurin yana hana wuya shiga daidai, ya ɗaura sanda a gurbin ta zama mariƙi da abin ratayewa. Mafi amfani cikin dabarunsa shi ne guntun afara da ya rage daga yankan jikin: duk abin da za a yi wa jita sai an fara yi wa guntun, kowane shafi, a rana ɗaya. Nisan bakin injin da katako kamar taƙi ɗaya, a fara feshi kafin a iso gefe, a saki bayan an wuce ɗaya gefen, shafi siriri, bai wuce uku a rana ba. Shafin farko yakan yi kamar bai rufe komai ba, kuma a nan ne hannu yake ƙaiƙayin ƙarawa.

Bayan shafin ƙyalli na ƙarshe sai jira, kuma a nan ma sai da na taɓa. Nitrosalulos yana daina kama yatsa cikin mintuna, amma tinar da ke can ciki tana ɗaukar mako uku zuwa huɗu tana fita, fentin yana ƙara tsukewa yana tauri. A kwana na takwas na sauke jitar na kwantar da ita a kan tawul domin in gwada wuyan, da safe na tarar da saƙar tawul ɗin ta zauna a bayanta. Allah ya taimake ni ƙyallin yana da kaurin da guga ta cire tabon. Da na bi maganar kafintan, da guntun zan gwada: a danna masa farce, idan ya bar alama ko kuma hanci yana jin warin tina, lokaci bai yi ba.

Gugar ƙarshe da ruwa ake yin ta, da ɗigon sabulu, daga lamba 800 zuwa 1000, 1500, 2000, sannan man goge mota da tsumman auduga mai laushi. Abu biyu ne suke cin mutum a nan. Gefuna da kusurwoyi fentinsu ya fi siriri, shafa biyu ta wuce kima sai shimfiɗa ta leƙo, don haka da ƙyar ake taɓa su. Na biyu kuma ruwa ne da yake shiga ramukan kusoshi, katako ya sha ya kumbura, fenti ya tsage kewaye da ramin. Mai kaɗa jitar coci ya ce in toshe kowane rami da kakin kyandir, na toshe duka na manta da ɗaya, kuma tsagar tana nan har yau kusa da maɗaurin igiya, tsawonta kamar ƙwayar shinkafa. Wuyan ban yi masa fenti ba, mai na shafa masa siriri sau da yawa domin hannu ya riƙa zamewa; tsumman da aka shafa irin man katakon nan mai bushewa da shi kuwa a shanya shi a buɗe a waje, domin idan aka dunƙule shi yana iya yin zafi har ya kama wuta da kansa. Kada kuma a jingina jitar nitrosalulos a kan maɗori mai roba ba tare da an naɗe robar da ƙyallen auduga ba, saboda robar tana cin fentin.

Saura kuskure ɗaya, wanda ba a jikin jitar yake ba. Ranar da na yi shafin ƙarshe, murna ta sa na mayar wa dattijon injin feshinsa ban wanke shi da tina ba, fenti ya bushe a cikin bakinsa da allurarsa, kuma da wannan injin yake ciyar da iyalinsa. Bai aiko mini da magana ba, bai kuma faɗa wa kowa ba. Asabar ɗin da na kawo jitar a gama, da tsirkiyoyinta shida a ɗaure, ya karɓa ya juya ta a hasken ƙofa, ya ce, “Madalla, ɗana, yanzu ka yi fenti.” Sannan ya jawo wata leda daga ƙarƙashin benci, ya miƙo mini injin a kwance gunduwa-gunduwa, da gwangwanin tina da tsohon burushin haƙori. Na ce, “Baba, a gafarce ni.” Ya ce in zauna a waje inda iska take. A bakin shagon na yini ina jiƙa bakin injin ina goge shi har aka kira magariba, ina jin su a ciki suna karɓa-karɓa da jitar, kowa yana gwada ta a lasifikar mai shago.