Bessie Coleman, wadda aka ƙi koya wa tuƙin jirgi a Amurka

Wallahi tun jiya labarin matar nan ya tsaya min a rai. Baƙar fata ce, gyaran farce take a shagon aski a Shikago, duk makarantar tuƙin jirgi da ta nema a Amurka suka ƙi ta, shine fa ta koyi Faransanci ta wuce Faransa, 1921 ta samo lasisinta. 1926 ta faɗo daga jirgi a garin Jacksonville na Amurka ta rasu, shekararta 34 kacal. Sai 1995 Amurka ta sa hotonta a jikin kan sarki na aika wasiƙa, 2023 kuma a tsabar santi 25. Ni dai abin da ya fi taɓa ni, da Mae Jemison, baƙar fata mace ta farko da ta je sararin samaniya, za ta tafi can a 1992, hoton Bessie ta riƙe ta tafi da shi.