Littattafan da na tura wa ƙanina da aka ɗora kan injiniyoyi

Ƙanina da ya gama jami'ar KNUST, yanzu an ba shi yara masu rubuta manhaja a wani ɗan kamfani nan Kumasi, wai in nemo mai littafin koyon shugabanci. Na ce kai dai ka rabu da waɗancan na sirrin nasara, karanta tarihin mutanen da suka ƙera abu da gaske.

Na farko The Mythical Man-Month na Fred Brooks, 1975. Shi ya riƙe aikin OS/360, manhajar da ke tafiyar da manyan kwamfutocin kamfanin IBM, aikin ya makara sosai, daga nan ya fito da maganar da har yau ake ta maimaitawa, cewa in aikin manhaja ya makara ka ƙara mutane to ƙara makara zai yi. Dalili kuwa sabbin zuwa sai tsofaffi sun ajiye aiki sun koya musu, ga kuma yawan magana, mutum 5 hanyoyin tuntuɓa 10 ne tsakaninsu amma mutum 10 sai su koma 45. Duk mastan da ke Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota ta Kumasi, ya san wannan, ba a tara fitoci goma kan injin mota ɗaya.

Wanda na fi so dai shi ne The Soul of a New Machine na Tracy Kidder, ya fito 1981, ya ci kyautar Pulitzer 1982. Labarin Tom West ne da samarin da ya kwaso daga jami'a a kamfanin Data General na Amurka, suna tseren ƙera kwamfuta don kamo VAX ta kamfanin DEC. West ba mai fara'a ba ne ko kaɗan, amma yana tare wa yaransa rigimar manya su dai su yi aikinsu. Ladan? In kun ci wannan a ba ku wani ku sake. Ni fa ban yarda da yadda ya tatse yaran ba, dare da rana a ofis, haba.

Sai Skunk Works na Ben Rich, 1994, kan sashen kamfanin jiragen sama na Lockheed da ya ƙera jiragen U-2 da SR-71 ƙarƙashin Kelly Johnson, wanda ya dage sai masu zane sun zauna dab da masu ɗaure noti. Jiragen leƙen asiri ne da kuɗin gwamnatin Amurka, don haka ƙanina kar ka je kana kwatanta kasafin ku da nasu.