Kiwon Collembola a Kan Gawayi a Legas

Wata uku ke nan da na fara kiwon ƙananan ƙwarin nan masu tsalle, waɗanda masana ke kira Collembola, domin su riƙa cinye funfuna a akwatin gilashin da nake renon shuke-shuke a Agege. Gawayin itace na wanke na zuba cikin roba mai murfi, da ɗan ruwa a ƙasa, sannan nakan jefa ƙwayar ɗanyar shinkafa biyu ko uku, su ci funfunar da ta tsiro a kanta. Laimar Legas tana yi musu daɗi, amma zafin Maris ya rage su sosai, shi ya sa na mayar da robar ƙarƙashin gado. Idan zan kwashe su, ruwa nake ƙarawa, sai su taso sama in tsiyaye.