Abin wasan tebur da ya koma maɓallan ƙ, ɗ da ɓ

Duk mai buga wa ɗaliban Hausa na Jami'ar Ahmadu Bello furojet a Samaru ya san wahalar haruffa masu ƙugiya. Kibod ɗin da ake kawo mana babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, sai dai ka yi ta kwafowa kana liƙawa. Wasu kan bar su haka nan, ni kuwa raina ba ya so in ga an rubuta "kasa" alhali ƙasa ake nufi.

A kan teburina akwai wani abin wasa na roba da na saya a kasuwar Sabon Gari, mai manyan maɓallai uku: wannan tafi, wannan dariya, wancan ƙararrawa. Shi na kwance. Na cire sifika da gidan batir, na bar maɓallan. A gurbin abin da na cire na sa Pro Micro, wani ɗan allon lantarki da ake tsara wa aiki ta kwamfuta, domin ƙwaƙwalwarsa, ATmega32U4, tana iya gabatar da kanta ga kwamfuta a matsayin kibod ta USB. Arduino Uno, wani allo makamancinsa, ba ya yin haka kai tsaye, kada a saye shi don wannan aiki. Wani mai gyaran rediyo a Tudun Wada ya liƙa min wayoyin da dalma: kowane maɓalli ƙafa ɗaya zuwa nasa fil, wato wurin jona waya a kan allon, ɗayar zuwa fil ɗin GND, wato nagetif.

Inda aikin yake shi ne, kibod ba harafi yake aikawa ba, lambar maɓalli yake aikawa, kuma ƙ ba ta da maɓalli. Sai na bi ta hanyar Word: a rubuta 0199, a danna Alt da X, ƙ ta fito, 0257 na ɗ, 0253 na ɓ. Allon ne ke buga wannan da kansa idan an danna maɓalli. Amma a kalma irin "baƙi", Word kan haɗa b da a cikin lambar, tunda a irin waɗannan lambobi haruffan a zuwa f su ma alƙaluma ne, sai harafin ya ƙi fitowa. Maganinsa a sa U+ kafin lambar.

Haka kuma ƙarfen maɓalli yakan yi rawa kafin ya zauna, dannawa ɗaya ta haifi ƙ biyu. Jinkirin milisakan 30 da na sa allon ya riƙa yi bayan kowace dannawa ya kashe wannan.

A Word kaɗai yake aiki yanzu. Na fara mayar da maɓallan zuwa F13, F14 da F15, manhajar AutoHotkey, mai sauya aikin maɓallai a kwamfuta, ta riƙa juya su zuwa haruffan, don a yi amfani da shi har a Facebook.