Dutsen da aka ɗauko daga Kufena

Talata, bayan isha'i.

Da safe komai lafiya lau. Goran simintin nan da nake ginawa a wurin cin kifi ya fara kama siffa, wuyan ne kawai ya yi kauri, na rage shi da cokali tun simintin yana ɗanye. Alhaji ya leƙo, ya ce a jingina homa jikin kwale-kwalen, yadda duk wanda ya shigo zai ji kamar yana bakin Matan Fada a Argungu. Na ce to, amma ta waya za mu saƙa, zare ba zai ga damina biyu ba. Auta ya lulluɓe komai da jiƙaƙƙun buhuna, don iskar hunturun nan shanye ruwan siminti take yi kafin ya yi ƙarfi, ka wayi gari ka ga tsaga kamar faso.

Bayan azahar na fita sayen rodi, hanya ta bi da ni ta lambun shaƙatawar da na yi wa dutse da magangarar ruwa a 2014. Rabona da wurin shekara shida. Na ce wa mai adaidaita ya sauke ni.

Na biya kuɗin shiga kamar kowa. Dutsen yana nan daram. Gansakuka ta yi kore shar a inda ruwa yake bi, ƙadangaru biyu suna shan rana a kan kafaɗarsa, yara suna ta hawa suna zamewa. Raina ya yi fari ƙal. Sai na hangi wani dattijo mai gadi a kan benci.

"Baba, sannunku da aiki. Wannan dutse fa?"

"Ai ɗana, daga Kufena aka ɗauko shi. Tirela biyu aka yi."

"Kun ga sa'ad da aka kawo shi?"

"Lokacin ban fara aiki a nan ba, amma kowa ya sani. Dube shi mana. Hannun mutum zai yi wannan?"

Na buɗe baki, na rufe. Da na ƙwanƙwasa masa gefe ɗaya da makulli, da ya ji yana amsawa kamar tulun da babu ruwa, domin cikinsa fayau yake: rodi mai 12 da aka yi wa walda, ragar kaji ninki biyu, siminti kwano ɗaya a yashi uku, sai garin kala a shafen ƙarshe. Amma maganarsa da gaskiya a ciki. Mako uku na yi ina zuwa gindin dutsen Kufena na Zariya da littafin zane, ina kallon yadda dutse yake ɓarewa falle-falle kamar albasa, da baƙin layin da ruwan sama yake bari in ya gangaro. Abin da na nema ke nan, kada kowa ya ga hannuna a jiki. Na samu. Na yi masa godiya na wuce, har da murmushi.

Da na zagaya baya ne murmushin ya tafi. Jan layin tsatsa ya fito daga wata tsaga mai tsawon kamu biyu. Ruwa ya kai ga rodin, in kuwa ƙarfe ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya turo simintin waje. Wani ya liƙe wurin da siminti tsura, fari fat, ko kala bai sa ba. Na durƙusa ina neman inda na rubuta sunana da ƙusa a ƙasan akwatin injin ruwa. An shimfiɗa intalok, ya binne shi.

Tun a adaidaita nake tunanin Babban Gwani. Ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19 da ƙasa da azara, har yau in an ambaci ginin sai an ambace shi. Ni ban kai in ɗaukar masa kwano ba, na sani. Amma wata huɗu muka yi a kan dutsen nan, ni da marigayi Malam da yara uku, siminti ya cinye mana tafin hannu har ba ma iya cin tuwo mai zafi. Malam ma aikinsa na ƙarshe ke nan. Shi ne ya fi tsaya mini a rai, fiye da sunana.

Uwargida ta ce da na faɗa wa tsohon kawai, me zai ragu? Ban iya ba ta amsa ba. Yadda idonsa yake walƙiya yana nuna mini dutsen, sai na ji kamar zan ƙwace masa wani abu.

Rodi ya ƙara kuɗi, guda shida kawai na iya saya. Bayana yana ciwo.

Ranar Asabar zan koma da kurfi da garin kala, in masu wurin sun yarda in buɗe tsagar in kankare tsatsar. Baba zai gan ni ina fasa dutsen Kufena, ya ga ragar kaji a ciki. Har yanzu ban shirya abin da zan ce masa ba.