Tafintan da tarin fuka ya kama

Ni fa ba likita ba ne ba nas ba ne, aikina a asibitin da nake a nan Legas tura marasa lafiya a keke ne da kai jini da kaki ɗakin gwaji. Amma da yake ni kaɗai ne Bahaushe a sashenmu, duk wanda aka kawo daga Mile 12 ko Agege ba ya jin Turanci ba ya jin Yarbanci sai ka ji ana ƙwala min kira, Malam zo ka fassara. Da har daɗi nake ji wallahi.

Can na kwaso abina ban sani ba. Dattijo zai zo murya ta dusashe, in ce Baba tarin nan yaushe ya fara, ya ce ɗana tun kafin azumi, dole in kai kunne dab da bakinsa kafin in ji, ga takunkumi na sauke shi ƙasan haɓa don kunya nake ji kar ya ga kamar ƙyamarsa nake, ɗakin kuma ƙarami an kunna esi an rufe taga ruf. Tarin fuka kuwa a iska yake tafiya, ba a kofi ba ne ko musabaha kamar yadda ake faɗa a unguwa.

Da zufar dare ta fara min, wando ya fara zamewa, cewa na yi maleriya ce da gajiyar hanya. Wata nas ce ta tare ni ta ce tarin nan naka ya wuce sati 2, je ka ba da kaki. Aka sa a injin gwajin kaki da ake kira GeneXpert, ranar sakamako ya fito, tarin fuka ne. Wata 6 cur ina shan magani, wata 2 na farko haɗin magani 4, kyauta ne ba a karɓi ko naira ba. Ranar da na ga fitsarina ya koma ja-ja kamar manja na tsorata, ashe aikin rifampicin ne, ɗaya daga cikin magungunan.

Abin da ya fi ɗaure min kai, ni da ɗakin masu tarin fuka nake gudu, ashe can ya fi sauƙi. Tagogi a buɗe iska na ratsawa, ma'aikata da takunkumi mai tace iska da ake kira N95, masu jinyar kuma sun fara magani. Wanda ba a gano ba tukuna, yana zaune a benci yana jiran kati yana tari cikin jama'a, shi ne abin tsoro, kuma mu masu turin keke da masu shara mu muke fara taɓa shi. Shuɗin takunkumin nan ma mai tarin ya fi dacewa a sa wa. Tabon allurar rigakafin tarin fuka, wato BCG, da nake taƙama da shi a hannu, yara yake karewa daga mai tsanani, babba kar ya dogara da shi.

Har yanzu ana kirana fassara kuma ina zuwa. Sai dai in na ji tari nakan ce Baba mu fita baranda can ya fi iska, in ya kalli abin da ke fuskata in ce dokar asibiti ce, ga naka ma.