Na Je Neman Dajin Thomas Cole

Da hantsi na shiga jirgin ƙasa daga birnin Niyok na Amurka, muka yi kusan awa biyu muna bin gaɓar kogin Hudson. Daga tasha mota ta tsallakar da ni gada zuwa Catskill, gidan Thomas Cole, mai zanen nan da aka haifa a Ingila a 1801, ya rasu a nan a 1848. Ban daɗe a gidan ba, wata magangarar ruwa da ke yankin ce ta kawo ni.

Tun ran da na ga hoton zanen da ya yi wa magangarar ruwa ta Kaaterskill a 1826 ya tsaya mini a rai: hadari ya haɗu, ganyaye sun yi ja, ga karyayyun itatuwa, ga ruwa yana zubowa hawa biyu. Mutum ɗaya tak ya sa a ciki, ɗan asalin ƙasar, ƙanƙane, tsaye a kan dutse. Kai ka ce ba a taɓa taka wurin ba.

Ashe an taka! Tun 1824 aka buɗe otal ɗin Catskill Mountain House kusa da wurin, baƙi na ta zuwa kallo. A kwarurukan yankin kuma majema suna ta sare itatuwa don ɓawonsu, wanda yake yi musu aikin da bagaruwa take yi wa namu. Duk wannan Cole ya share shi daga zanensa. Da farko na ji haushi, kamar an yi mini wayo. Daga baya na yi masa uzuri, don shi kansa ya koka da yadda gatari yake cinye dazukan.

Washegari na hau dutsen zuwa magangarar ruwan. Gwiwa ta ji jiki. Tsayin ruwan kusan mita 79 ne, feshinsa sanyi kamar asubar hunturu, dutsen kuma santsi gare shi, sai da taka-tsantsan. Jama'a kuwa cike, har da masu karnuka.

Na ɗaga waya zan ɗauki hoto, wani mai jar hula ya shigo ciki. Na matsa dama, sai ga yara. Na yi ta jira, ƙafafuna a jiƙe, har na samu ɗan lokacin da babu kowa, na danna. Wannan hoton na tura wa yayata a Zariya. Ta amsa da cewa: "Kai kaɗai a wannan ƙungurmin daji? Don Allah ka sauko!"